Injin Zugar Gidan Mika'ilu

Mika'ilu maƙeri ya sayo injin zuga, ya sa aka kafa shi a inda hannun yayansa Kure ba zai kai ba. Abin da ya lalata gidan ke nan. Rumfata ta facin taya tana jingine da katangarsu a Lugbe, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Kure gurgu ne. Cutar shan inna ta shanye masa ƙafafu tun yana ƙarami. Da hannuwa yake tafiya, yana dafa wasu 'yan katakai biyu da ya sassaƙa wa kansa. Amma in ya zauna a gindin zuga-zugi, fatun akuya biyu a gabansa, dama ta sauka hagu ta tashi, babu mai tuna ƙafafunsa. Shi ke ba da wuta, ƙaninsa na bugun ƙarfe. Da wannan suka ci, da shi suka sayi filin gidan, suka ɗora ɗakuna da rumfar maƙera a gaba. Ɗakin da ke kusa da ƙofa na Kure ne, saboda babu tudu a bakinsa.

Lokacin Abuja ta haukace da gini. Ko'ina ka duba rodi ne a tsaye. Leburori na kawo diga da ta dakushe, birkiloli na son ƙarfen fasa kankare, 'yan kwangila na zuwa har da mota. A tsakiyar wannan ne Muktar ya faɗo gidan. Ƙanin Lantana ne, matar Mika'ilu. Acaɓa yake yi, aka hana acaɓa a cikin gari, aka ƙwace babur ɗinsa, ya zo ya shimfiɗa tabarma a zaure. Ƙaton mutum har da gemu, ba abin da yake yi sai danna waya. Shi ya fara cewa, "Oga, a Abuja kake kana zuga da fatar akuya? Wallahi kwastoma na yi maka dariya."

Bernard mai walda ne ya turo injin daga panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, a cikin baro. Abu ne kamar ƙaton dodon koɗi na baƙin ƙarfe, da fanka a ciki, da mariƙi a gefe da ake juyawa. Kure ya fi kowa murna. Ya shafa shi, ya ɗan juya mariƙin, ya kara tafinsa a bakin ya ji iska, ya yi dariya.

"Kai, Mika! Wannan ai ko da hannu ɗaya. Sai in riƙa shan rake da ɗayan."

Ya ja jiki ya share wuri a gefen wuta, daidai inda ya saba zama.

Bernard ya ce, "Oga Mika, nan zan sa shi ko? A kan guntun katako, Baba ya rinƙa juya a zaune."

Muktar ya ɗago daga wayarsa. "A ƙasa? Toka ta cika haƙoran injin ya mutu? Ni na ga yadda ake yi. Kan turke ake ɗora shi, a tsaye ake juyawa."

"Toka ba ya shiga, akwai murfi," in ji Bernard.

Lantana tana bayan labulen zaure. Ta ce, "Baban Yusra, abu mai tsada ba a ajiye shi a ƙasa kamar kwanon kaji."

Mika'ilu ya duba injin, ya duba labulen. Yayansa ne kawai bai duba ba.

"Ɗaga shi, Bernard."

"Baba fa?"

"Yaya ya gaji. Tun ina yaro abu ɗaya yake yi. Ya huta."

Kure ya ce, "Ni na ce maka na gaji?"

Aka haƙa rami, aka kafa turken ƙarfe, aka zuba siminti. Bernard ya yi waldar faranti a kai, ya ɗora injin, ya ɗaure da noti. Ya lanƙwaso bututu daga bakin injin har ƙasa zuwa gurbin wuta. Saura a liƙe bakin bututun da laka don kada wuta ta cinye shi, kuma a gidan babu wanda ya iya kwaɓin sai Kure. Shi ya kwaɓa ƙasar suri da ƙaiƙayi, ya liƙe, ya goge da bayan hannu har ya yi sumul. Da ya gama sai ya miƙa hannu sama. In mariƙin ya sauko, yatsunsa na taɓawa. In ya hau, ina!

Muktar ya ƙyalƙyale. "Sai dai a yi maka tsani, Baba."

Kure ya tattara fatunsa biyu, ya rataya a wuya, ya ja jiki zuwa ɗaki.

Da farko abin ya yi daɗi. Muktar na tsaye yana juyawa, wuta na kuka kamar tirela, har masu wucewa na tsayawa kallo. Sai kuma diga ta fara dawowa. Lebura ya kai ta wajen gini, ya sara sau biyu, baki ya ɓalle. Ƙarfen fasa kankare ya riƙa tsagewa kamar busasshen rogo.

Abin ba wani ɓoyayye ba ne. Mika'ilu gwanin masaɓa ne, amma bai taɓa tsaron wuta ba a rayuwarsa. Tun da ya fara aiki, ƙarfe yake cusawa a garwashi ya juya yana ciniki. Kure ne ke kallon launi, ya sassauta hannu in ƙarfe ya yi ja, ya ƙara in ya yi duhu, in ya nuna ya ce, "To." Shi kuwa Muktar ƙarfi kawai ya sani. Waya a kunne, hannu na juyawa kamar mai tayar da janareta, ƙarfe ya yi fari yana tartsatsi, ya ƙone kafin a ciro shi.

Wata rana da hantsi Kure na zaune a ƙofar ɗakinsa, ya ba maƙera baya, yana shafa wa fatun man gyaɗa don kada su bushe. Ya ɗaga murya.

"Mika, iskar ta yi yawa. Ƙarfenka na ƙonewa."

Mika'ilu ya ciro ƙarfen da awartaki. Ya ƙone kuwa, bakin ya zagwanye.

Muktar ya saki mariƙin, ya matso, ya rage murya. "Oga, ka lura? Bayansa ya ba wutar. Ya aka yi ya sani?"

"Da kunne ya ji mana," na ce daga rumfata. "Ni ma ina jin yadda kake azabtar da ita."

Mika'ilu ya ce, "Kai taya ka sani." Amma ya tsaya yana kallon bayan yayansa, ya daɗe.

Akwai wani abu a tsakanin maƙera da ya kamata a sani. Suna cewa uba na bar wa babban ɗansa asirin wuta: yadda za a sanyaya ta, yadda za a ɗaure ta ta ƙi aiki, yadda za a kama garwashi ba a ƙone ba. Kure ne babba. Kullum yana cewa ubansu bai bar masa komai ba sai addu'ar da kowane maƙeri ya sani da kuma fatun nan. Mika'ilu bai taɓa yarda ba. A da abin wasa ne a tsakaninsu. Yanzu Lantana ta ɗauke shi ta wanke, ta ajiye masa a gaba.

Ta katanga nake jin ta. "Ni dai ban ce komai ba. Amma wuta da ta yi shekaru tana aiki lafiya, sai da aka tayar da mutum daga gindinta za ta fara cin ƙarfe? Kuma wa ya liƙe bakin bututun? Wa ya san abin da aka kwaɓa a cikin lakar?"

Washegari Mika'ilu ya sa masaɓa ya farfasa lakar. Ya bi ta gutsure-gutsure yana murzawa da yatsa. Ya sami ƙaiƙayi, ya sami wani ɗan gashi. Ya ɗauko gashin a tafinsa ya je ƙofar Kure.

"Yaya, mene ne wannan?"

Kure ya duba. "Gashin akuya. A jikina ya faɗa. Da me nake kwana in ba fatun nan ba?"

"A cikin lakar na same shi."

"To, in ka ƙara tonawa har gumina za ka samu."

Mika'ilu ya naɗe gashin a leda ya sa a aljihu. Muktar ya sake liƙe bututun da jar ƙasa zalla, ta tsage tun ranar, iska na fita ta gefe, sai ya ƙara ƙarfin juyi. Ƙarfe ya ci gaba da ƙonewa.

Daga nan kwanon Kure ya canza. A da tare suke ci da ƙaninsa a rumfar maƙera, kwano ɗaya. Sai aka ware masa wani tsohon kwanon roba, ana turo masa a bakin ƙofa. Aka hana yara shiga ɗakinsa. Nama ya ɓace daga miyarsa, daga baya tuwon ya ragu. Da na yi wa Mika'ilu magana sai ya ce, "Wanda ba ya aiki cikinsa ba ya ɗaukar da yawa. Abinci mai nauyi cutar da shi zai yi."

Duk abin da Kure ya yi, sai ya zama shaida. In ya ja carbi, sai a ce me yake karantawa bakinsa na kallon maƙera. In ya yi shiru, sai a ce mai gaskiya ba ya irin wannan shirun. Ya yi tari lokacin da aka cusa ƙarfe, Muktar ya ce, "Ka ji, ya aika." Wata safiya ya ja jiki zuwa gurbin wuta kafin a hura, da ɗan kwaɓin laka a gwangwani, zai toshe tsagewar. Lantana ta gan shi ta rafka salati har mutanen layi suka fito.

"Na kama shi! Wallahi da idona! Yana binne abu a bakin wuta!"

"Laka ce, Lantana. Zo ki shinshina."

"Allah ya tsare ni!"

Asibi mai gawayi ta iso ana cikin haka, buhu a kafaɗa. Bagwariya ce, ta manyanta, ita ke kawo musu gawayi tun zuwansu Lugbe, kuma mijina take ce wa Kure don tsokana. Ta dire buhun ta riƙe ƙugu.

"Me mijina ya yi kuma? Oga Mika, ni gawayi da nake kawo maka da, yana kai ka har kasuwa ya zagayo. Yanzu kafin na juya baya ya ƙare. Wannan ƙato ne yana ƙona shi. Ka sauke inji ƙasa ka ba mai abu abinsa."

Muktar ya ce, "Ke da ake saya a wurinki, ƙorafi kike don ana saya da yawa? Ko ke ma da ke a ciki?"

"A cikin me? Ka ga wannan, gemu kamar na bunsuru, kai kamar bokiti."

Mutane suka yi dariya suka watse. Mika'ilu bai yi dariya ba. Da yamma ya ce wa Asibi ta daina tsayawa hira a gidansa, ta ajiye gawayi a waje ta wuce.

Muktar ne ya tafi garin Masaka wurin wani mai duba. Ya dawo yana girgiza kai kamar wanda ya ga gawa. Wai malam ya buga ƙasa ya ce, na jikinka ne, jininku ɗaya, kuma ba ya taka ƙasa da ƙafa. Na ce wa Muktar, "Kai ka faɗa masa akwai gurgu a gidan ko shi ya faɗa maka?" Ya ce in kiyayi bakina. Malam ya kuma ce, wai muddin mutumin na kwana kusa da wutar, ba za ta saki ba. Ɗakin Kure kuwa shi ne mafi kusa da maƙera.

Ka ga yadda duba ke faɗawa daidai inda ake so.

Aka kwashe kayan Kure aka kai rumfar gawayi da ke bayan gida, kusa da makewayi. Kafin la'asar Muktar ya shigar da katifarsa ɗakin, ya manna hoton 'yan ƙwallo a bango. Kure bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya ce.

"Mika, bulon ɗakin nan, da zugata aka saye shi."

"Ai ba korarka aka yi ba, Yaya. Na ɗan lokaci ne. In wuta ta daidaita sai ka dawo."

"In ba ta daidaita ba fa?"

"Wannan kai ka sani."

Damina ce. Kwanon rufin rumfar duk a huje yake, ruwa na zuba ya kwaso baƙin gawayi ya bi ƙarƙashin tabarmarsa. Daga can zuwa ƙofar gida sai ya ratsa taɓo da hannuwa, katakansa na nutsewa. Ya daina zuwa masallaci, don ba zai shiga sahu da tafuka baƙaƙe da taɓon makewayi ba. Ya rame, kafaɗun nan da suka fi na kowa faɗi a layinmu suka zube. Nakan miƙa masa ƙosai ta saman katanga. Lantana ta gani, ta ce wa mijinta ana haɗa baki da 'yan waje.

Wuta dai ba ta daidaita ba. Sai aka ce saura fatun. Wai a cikinsu abin yake, shi ya sa yake shafa musu mai yana matashi da su. Mika'ilu da kansa ya je ya fizgo su daga ƙarƙashin kan yayansa. Kure ya riƙe ɗaya da hannu biyu, aka ja shi da ita har tsakar gida.

"Mika, na Baba ne! Hannunsa na jiki!"

Mika'ilu ya sa wuƙa ya farke su daga sama har ƙasa. Ya juya cikin, ya kakkaɓe. Ƙura ce ta fito, da wata tsohuwar ƙwarar gyaɗa. Ya tsaya da wuƙa a hannu kamar zai ji kunya. Lantana ta ce, "Ai ba zai bar shi a ciki ba tunda ya san za a duba." Sai kunyar ta wuce.

Abin ya kai ƙarshe ranar da wani fomen ɗin kamfanin gini ya zo da a-kori-kura, ya zube diga a gaban maƙera, duk sun ɓalle. Rana tsaka ce, layi cike da mutane. Ya ce wa Mika'ilu shi ba maƙeri ba ne, mai soya ƙarfe ne. Ya ce in bai gyara su kafin magariba ba, aikin ya koma Masaka, kuma zai faɗa wa duk wanda ya sani. Ya shiga mota ya tafi.

Mika'ilu ya shiga gida. Ya fito yana jan yayansa ta hammata, ƙafafun na jan ƙasa, ya dire shi a gindin turken.

"Kwance ta."

"Me zan kwance?"

"Yaya, kar ka mai da ni mahaukaci a gaban mutane. Abin da ka ɗaura. Kwance ta, ka koma ɗakinka yau, ka ci abin da nake ci."

Kure ya ɗaga kai ya dubi mariƙin. "Ban ɗaura komai ba. Amma sauko min da injin nan ƙasa, ka ga wuta."

"Ba za a sauko da komai ba," in ji Muktar. "Siminti ne. A nan zai juya."

Ya ɗauko wani bokitin fenti na roba ya kife, suka cicciɓi Kure suka ɗora a kai. Mai ƙafa in ya hau irin wannan, ƙafafunsa ke tokare shi. Kure ba shi da abin tokarewa. Ya rungumi turken da hannun hagu, ya kama mariƙin da na dama. Na ce, "Mika'ilu, zai faɗi fa." Ya ce in koma wurin tayata. Asibi ta zo wucewa, ta tsaya.

Kure ya fara juyawa a hankali. Kukan wutar ya kwanta, ta koma numfashi. Ya kafe garwashin da ido, ya ɗan ƙara, ya sassauta. Ƙarfen ya yi ja mai kyau, babu tartsatsi ko ɗaya.

"To," ya ce.

Mika'ilu ya ciro, ya ɗora a uwar maƙera, ya buga. Ƙarfe ya bi masaɓa kamar yadda ya saba. Ya tsoma a ruwa, ya ɗauko, ya sara a kan dutsen bakin rumfa da dukan ƙarfinsa. Dutsen ne ya ɓalle.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai Lantana ta yaye labule.

"Kun gani? Jama'a kun gani? Ya kwance! Da ma shi ne!"

Muktar ya ce, "Allahu akbar. Taɓawa ɗaya."

In wuta ta ƙi, Kure ne. In ta yi, shi ne. Mika'ilu ya dube shi da idanu jajaye, ba godiya a ciki.

"Ashe kai ne, Yaya. Duk asarar nan, duk zagin nan. To, ba za ka sauka ba sai an gama su duka."

Kure ya ci gaba da juyawa. Mutumin da ya daɗe bai ƙoshi ba, a kan bokiti, zafin rana a kansa, wuta a gabansa. Diga na fita ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Gumi ya jiƙa turken, hannun hagu ya fara zamewa. Ya ce a ba shi ruwa, Mika'ilu ya ce saura kaɗan. Asibi ta ce, "Oga Mika, ka ji tsoron Allah, mijina yana rawa." Gefen bokitin da ke kallon wuta ya yi laushi da zafi, ya lotsa. Kure ya tafi gaba.

Mutumin da ba shi da ƙafa, da hannu yake tarar ƙasa. Tafukansa biyu suka nutse a garwashi har wuyan hannu.

Mika'ilu ne mafi kusa da shi, taku ɗaya. Bai motsa ba. Ya tsaya da awartaki a hannu yana kallo, yana so ya gani ko wutar za ta ci babban ɗan maƙeri. Sai da ni da Asibi muka tsallake tarin diga muka fizgo shi. Fatar tafukan ta zauna a kan garwashin. Warin ya kai har titi.

Na ce a nemo mota. Mika'ilu ya tare ƙofa.

"Asibiti? Maƙeri ya je asibiti don ƙuna? Mu ake kawo wa masu ƙuna mu yi musu tofi. In aka ji jinin gidanmu ya kwanta a asibiti saboda wuta, wa zai ƙara kawo min ɗansa? Wa zai ƙara ba ni aiki?"

Ya yi tofi, ya barbaɗa toka, ya naɗe hannuwan da tsumma. Ba ɗakinsa aka mai da Kure ba. Lantana ta ce warin zai hana Muktar barci, kuma ai iskar baya ta fi yi wa ciwo kyau. Aka mai da shi rumfar gawayi, aka rufe ƙofar gida, aka ce mai jinya ba ya son surutu. Mika'ilu ya koma ya ƙarasa digar, Muktar na juyawa. Ragowar suka ƙone.

Ta saman katanga nake leƙa Kure. Kwanon roba na ajiye a gabansa, ƙudaje a kai, ba hannun ɗauka. Tsumman ya jiƙe ya yi kore. Ya fara zazzaɓi yana kiran ubansu. Na buga ƙofa aka ce yana samun sauƙi. Na je wurin liman, ya zo, Mika'ilu ya tare shi a zaure da ladabi ya ce sha'anin gado ne, maƙera sun san maganin abinsu. Liman ya yi addu'a ya tafi.

Ranar da Mika'ilu ya tafi panteka sayen ƙarfe, ni da Bernard muka haura katangar baya. Asibi ta kawo baro. Lantana na ihu wai ana sace musu mutum, muka fitar da shi ta gabanta. Bernard na turawa yana kuka. "Ni na ɗaga shi, Baba. Da hannuna na ɗaga." Kure ya ce masa, "Aiki aka sa ka."

A asibiti, ma'aikaciyar da ta warware tsumman ta fita waje ta yi amai. Likita ya tambaya wa ya zuba toka.

Mika'ilu ya zo asibitin sau ɗaya, da lemo a leda. Ya tsaya daga ƙafar gado ya ce ƙaddara ce, babu mai tsallake ta. A unguwa Lantana na cewa abin da ya aika ne ya dawo masa, shi ya sa wutar ta kama shi duk da asirinsa. Muktar na cewa shi ai taimako ya yi, ya ba shi wurin zama. Babu wanda ya amsa laifi. Kowa na da bayani, kuma duk suna cin tuwonsu da hannu biyu.

Ni abin da na gani shi ne, an so ɗaki, an so a rage baki ɗaya, an kuma so a yi hakan ba tare da an ce an kori gurgu ba. Sai aka nemo masa laifin da ba shi da hanyar wankewa.

Da za a sallami Kure daga asibiti, Mika'ilu ya aiko cewa gidan ya yi ƙunci, kuma yara na tsoro. Asibi ta share masa gefe a rumfarta, can bayan masu gawayi. Can yake.

An yanke hannun dama daga wuyan hannu. Na hagu an bar masa babban yatsa da wani rabi. Bai yi sata ba, bai zagi kowa ba, aikinsa kawai ya nema a bar masa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana kai kansa duk inda yake so da hannuwansa, yau inda aka ajiye shi da safe nan za a same shi da yamma. In rana ta iso kansa, sai ya jira wani ya wuce ya matsar da shi inuwa.